Fedar Bahaguwa

"Ku tsaya! Ku tsaya!" Yaya ya ɗaga hannu, kiɗan ya watse kamar an ɓarar da tiren kofuna. "Bahaguwa, kaɗawa kike yi kuwa, ko hoto ake ɗaukar ki?"

"Ina kaɗawa mana, Yaya."

"To ni dai hannunki nake gani yana kai da kawo. Kunnena bai samu ko ƙwaya ba."

Ɗakin atisayensu yana saman shagon katifun Yaya, a sito. Katifu ne jingine a kowane bango cikin ledojinsu, su suke shanye ƙara don kada maƙwabta su kawo ƙara. Su biyar ne a ƙungiyar. Yaya ke waƙa kuma shi ne shugaba. Guduma ke kan ganguna, Ɗan Gayu a fiyano, Shiru-shiru a jitar bes mai kaurin murya. Sai ita Bahaguwa, ƙanwar Yaya uwa ɗaya uba ɗaya, mai riƙe da jitar gaba. Kiɗan rok suke yi irin na da, wanda a tsakiyar waƙa kowa ke ja da baya a bar jita ta yi kukanta ita kaɗai. Wannan wurin shi suke kira solo, kuma shi ne Yaya ya ce bai ji ba.

Ta sunkuya ta kalli fedar da ke gaban ƙafarta. Ɗan akwatin ƙarfe ne da ake sawa tsakanin jita da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, a taka shi, muryar jita ta sauya. Tata irin wadda ake kira faz ce, mai yaga sauti ya fito da gurnani da kaushi, kamar ana keta sabon yadi a hankali. Babba ce, mai mamurɗi uku, mai sheƙi. Ranar da ta kawo ta gida ta kulle ɗakinta, ta taka, ta ja tsarkiya ɗaya tak, sautin ya cika ɗakin ya ƙi mutuwa, yana ta tafiya kamar ruwan sama a kan rufi, har ta ji hawaye a kumatunta ba ta san sanda suka zubo ba. A ranar ta rantse ta samu muryarta.

Yanzu kuma ga shi a gaban mutane muryar ta gudu ta bar ta.

"Mu sake," in ji ta. "Bari in ƙara mata ƙarfi."

Suka sake. Ta murɗe komai har ƙarshe. Da aka zo solo ta taka fedar, sai ta ji kamar ta faɗa cikin katifa. Bes ya cinye ƙasan sautin, ganguna suka cinye samansa, abin da ya rage mata bai fi zuzun ƙudan zuma a ɗakin da ke kulle ba.

Yaya ya ajiye makirfo ya share goshi. Ba mugu ba ne, amma in ya sha mur ko mahaifiyarsu lallaɓa shi take.

"Ki saurare ni. Ranar Asabar ba a sito za mu yi wasa ba, a babban dandamalin lambun gari ne, kuma wannan waƙar za mu rufe da ita. Ba zan tsaya a gaban jama'a ina murmushi kamar wawa ana kaɗa abin da ba a ji ba. Zuwa Alhamis in jitarki ba ta fito ba, Ɗan Gayu zai ɗauki solon a fiyano."

"Ni fa ba nema nake ba," in ji Ɗan Gayu, yana gyara kwalar rigarsa. "Sai dai yatsun nan kullum a wanke suke."

"Rufe mana baki, kai kuma," Guduma ya ce.

Bahaguwa ta sunkuya ta zare wayar jitarta. Solon nan ita ta gina shi da hannunta, gaɓa bayan gaɓa. A shagon tabarau inda take aiki, in babu mai saye, a kan gefen kanta take motsa yatsu tana bitarsa, har maigidanta ya taɓa tambayar ta ko sanyi ne ya kama mata hannu. Ta san inda yake hawa, inda yake tsayawa ya yi numfashi, da inda yake karyewa kamar mai son faɗin wata magana ya kasa. A ce wannan za a ji shi daga fiyano, tsaf-tsaf kamar an goge shi da dutsen guga? Gara a cire shi gaba ɗaya.

Tana naɗe waya Guduma ya matso, ya tsuguna kamar mai neman sandarsa.

"Gobe in kin tashi daga aiki mu je wurin Gwaggo," ya ce a hankali. "Ba hannunki ba ne. Ni ina kusa da ke, ina jin abin da kike yi. Wallahi ran nan har na kusa ɓata kiɗa."

Ta ɗago ta kalle shi, ya yi saurin kawar da kai, kunnuwansa kamar za su kama da wuta.

Shagon Gwaggo siriri ne kuma dogo, tsakanin mai aski da mai gyaran agogo. Jitoci rataye a sama kamar shanya, wayoyi a dunƙule cikin kwali, ga ƙanshin katako da ƙura. Duk makaɗan garin Gwaggo suke ce mata, ko da yake babu wanda ya san ɗan'uwanta ko ɗaya. Tana zaune a bayan kanta, tabarau a kan karan hanci.

"An dawo ke nan," ta ce tun kafin su gama sallama. "Ba ke ce kika ce in an binne ki a sa miki fedar nan a gefe ba?"

"Gwaggo, a ɗakina sarauniya ce. A cikin ƙungiya kuma sai ta ɓace."

"In ba ki ƙwarzane ta ba, zan musanya miki. Faz iri biyu suka rage mini, ga su can."

Ta farkon ja ce, 'yar madaidaiciya. Bahaguwa ta jona ta, ta taka. Sautin ya fito da tsini, kamar wata muryar ce ta hau kan ta farko tana ihu a sama. In ta kaɗa can ƙasan wuyan jitar yana da daɗi, yana da hatsari, amma da ta haɗa tsarkiya uku sai ya rikice ya zama faɗan kaji.

Ta biyun kuwa ko kallo ba ta ci ba. Zagayayya ce kamar murfin tukunya, fentinta ya kokkoɗe, mamurɗi biyu kacal, batir take ci. Da ta taka sai ta yi wani irin kaki mai kaushi, babu laushi, babu wannan dogon numfashin da ya sa ta kuka a ɗaki.

"Wannan ai tari take yi," in ji Bahaguwa, ta yamutsa fuska.

"Tsohuwar ƙira ce, haka masu yin ta suka ga dama," Gwaggo ta ce. Sai ta leƙo ta saman tabarau. "Wannan bandejin fa da ke jikin jitarki? Ciwo ta ji?"

Bahaguwa ta yi dariya. Da hagu take komai, kuma jitar dama ce ta samu, ta kife ta, ta sake jera tsarkiyoyin. Hakan ya sa mamurɗin ƙarar jitar, maimakon ya zauna a ƙasa, ya dawo sama, daidai inda damtsenta ke gogawa. Tana cikin kaɗawa sai hannunta ya murɗe shi, ƙara ta ragu. Da abin ya ishe ta sai ta kai shi ƙarshe ta danne da baƙin salatif.

"Allah ya kyauta," in ji Gwaggo. "To wacce kike so?"

"Ban sani ba, Gwaggo. A nan ni kaɗai ce, kuma ni kaɗai ɗin ce ta yaudare ni wancan karon. Ki ba ni aron su in gwada da ƙungiya."

"Aro? Makaɗi? Ni da na ba wani aron waya tun ina da haƙoran gaba, har yau bai dawo da ita ba?" Ta girgiza kai. "Kayana ba sa fita sai an bar mini abin da mai shi ba zai iya barci babu shi ba."

Bahaguwa ta duba jikinta. Ban da jitar ba ta da komai, jitar kuma da ita za a yi gwajin. Sai ta ji motsi a bayanta. Guduma ne ke sauke zagayayyar jakar da ba ta rabuwa da bayansa. Farantansa ne na tagulla a ciki, waɗanda ake kafawa a saman ganguna. Ko a sito ba ya barin su, yana cewa raɓa za ta taɓa su. Har tsokanar sa ake yi wai ya kamata a yi musu suna.

Ya ɗora jakar a kan kanta, hannunsa bai bar kanta da wuri ba.

"Guduma, a'a," ta ce.

"Ki bari kawai. Kwana ɗaya ne." Ya juya ga Gwaggo. "Don Allah kada ki ɗora komai a kansu. Kuma a tsaye ake jingine su."

Gwaggo ta kalle shi, ta kalli Bahaguwa, ta sake kallon sa, sannan ta yi wani murmushi da ya sa su duka biyun suka shiga duban jitocin da ke rataye.

"Fedojina su dawo, farantanka su fita," ta ce. "Ba kafin nan ba."

Ranar Alhamis da yamma suka haɗu a sito. Bahaguwa ta jera fedoji uku a gabanta.

"Mu fara da babbar," in ji Ɗan Gayu, "don mu tuna yadda rashin ji yake."

Guduma ya ƙirga da sanduna, suka shiga. Baiti ya wuce, amshi ya wuce, aka zo wurin. Ta rufe ido ta taka babbar feda.

Sai ga shi ya fito. Sautin ya tashi ya cika siton, mai kauri, mai tsawo, irin na ɗakinta sak. Ta buɗe ido ba ta yarda ba. Shiru-shiru, wanda ba a cika ganin haƙoransa ba, yana murmushi. Da suka kai ƙarshe Yaya ya tafa hannu.

"To ka ji magana! Me kika yi mata? Addu'a?"

"Ban taɓa komai ba."

"Ko ma mene ne, kada ki sake taɓawa. Shi ke nan, solo naki ne. Ɗan Gayu, sai ka mayar da yatsunka aljihu."

Daɗi ya rufe ta. Ta juya don ta ga fuskar Guduma, ta ce masa ka gani. Yana dariya, yana jujjuya sanda a yatsa. A gefensa kuma ƙarafan da ake ɗora farantai suna tsaye tsirara, babu komai a kansu.

Nan take murnarta ta yanke. Ta tuna yadda ta hango shi a tsakiyar waƙar yana kai duka sama, sandar na faɗawa cikin iska. Duk wannan shuuu ɗin na tagulla, wanda ke zuba a kan solonta kamar an buɗe famfo, yau babu shi. Fedar ba ta gyaru ba. Wanda ke danne ta ne ba ya nan, yana can jingine a shagon Gwaggo. Ranar Asabar kuma zai dawo.

Yaya har ya fara naɗe wayar makirfo. Ya riga ya furta, kuma Yaya ba ya janye magana. In ta yi shiru solon nata ne. Za ta hau dandamali, ta taka feda, jama'a su ga yarinya tana motsa hannu. Ta ji kunyar tun yanzu tana hawo mata daga tafin ƙafa.

"Yaya," ta ce. Muryarta ta fito 'yar ƙarama. "Gwajin nan ƙarya ne."

"Kamar yaya?"

"Babu farantai."

Kowa ya juya ya kalli gangunan. Guduma ya kalli ƙarafansa kamar yau ya fara ganin su, ya dafe kai.

"Kai! Wallahi ni ne. Ni na kai su jingina."

"Jingina?" Yaya ya zaro ido. "Farantan da ko ni ba ka bari in taɓa? A kan me?"

Ɗan Gayu ya yi wani ɗan tari mai ma'ana, ya buga wasu 'yan sautuka masu taushi a fiyano, irin na wurin biki.

"Zan fasa maka kai," in ji Guduma.

Yaya ya kalli ƙanwarsa ya daɗe. "Kin san na riga na ba ki. Da kin yi shiru da shi ke nan."

"Na sani. Ba a ba ni nake so ba, Yaya. A ji ni nake so."

Ya ja dogon numfashi. "To a je a karɓo farantan."

"Gwaggo ba za ta sake su ba sai an mayar da fedoji."

"A mayar mata mana!"

"In an mayar da me za mu gwada?"

Sai Shiru-shiru, da ba ya magana sai ta kama, ya ce, "Wuri ɗaya ne fedoji da farantai za su iya haɗuwa." Ya zare wayar bes ɗinsa ya fara naɗewa.

Motar kai katifa suka cika. Ganguna a baya, amfilifaya biyu, fiyano a kan cinyar Ɗan Gayu yana ta mitar za a ɓata masa guga. Yaya na tuƙi yana faɗa shi kaɗai, wai shi da ya san haka shugabanci yake da ya tsaya a sayar da katifa.

Gwaggo ta fito bakin ƙofa ta riƙe ƙugu tana kallon ana sauke kaya.

"Me zan gani haka? Tashi kuka yi daga gidanku?"

"Gwaggo, ga fedojinki sun dawo," in ji Bahaguwa. "Farantai su fito. Amma ki ba mu aron barandarki da soket ɗaya."

"Yau na ga ta kaina," Gwaggo ta ce. Amma da kanta ta jawo doguwar waya daga ciki.

Suka kafa kaya a baranda, rana ta yi gefe tana dukan su a fuska. Guduma ya ɗaura farantansa ɗaya bayan ɗaya, yana shafa kowanne kamar ya dawo daga tafiya. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, wanda ake yi wa askin ya biyo shi da ƙyalle a wuya, rabin kai a aske. Mai gyaran agogo ya ɗaga gilashin idonsa. Masu wucewa suka fara rage sauri.

"Babbar tukuna," in ji Yaya.

Suka kaɗa. Aka zo solo, farantai suka zubo, babbar feda ta nutse kamar dutse a rijiya. A fili ma abin ya fi muni, babu bango da zai dawo mata da sautin.

"Yarinyar ba ta fara ba ne?" wanda ake yi wa aski ya tambaya da ƙarfi.

Bahaguwa ta cije leɓe ta cire wayar. Ita ce fedar da ta sa ta kuka, amma ta tura ta gefe da ƙafa.

Jar fedar ta biyo. Wannan kam an ji ta, har an ji ta fiye da kima. Ta huda farantan ta wuce, ta shiga kunnen kowa kamar allura. Wata mata da ke riƙe da jaka ta toshe kunne ɗaya. Mai gyaran agogo ya ɗaga hannu yana roƙo.

"Ana ji dai," in ji Yaya, fuskarsa a yamutse. "In babu wata, da wannan ɗin..."

"Ba solona ba ne wannan," ta ce. "Wannan zagi ne."

"To saura murfin tukunya. In ita ma ta ƙi, kin san maganar."

Ta sani. Ta durƙusa ta jona zagayayyar, kai tsaye daga jita. Zufa ta jiƙe mata riga, tana gangarowa ta damtse har kan jitar. Ba ta da sauran dabara, don haka ta taka fedar tun daga farkon waƙa, ta ce a ranta ko me za ta yi ta yi.

Suka shiga baitin farko. Kakin nan mai kaushi ya fito yana gogar muryar Yaya, har ya waigo ya harare ta. Tana cikin kaɗawa ta ji wani abu ya zame a ƙarƙashin damtsenta. Salatif ɗin ne zufa ta ɗaga. Hannunta ya goge mamurɗin, ƙarar jitar ta ja baya. Ta ce a ranta shi ke nan, tsohon ciwo ya tashi a gaban mutane.

Amma abin da ya fito daga amfilifaya ba raguwa ba ce. Kakin ya washe. Sautin ya zama garau, mai ƙyalli, da ɗan gashi-gashi a bakinsa, kamar gilashin da aka huro wa numfashi. Ya kwanta a ƙarƙashin muryar Yaya ya ɗauke ta. Tsigar jikinta ta tashi. Ta ɗan tura damtsen gaba, gurnanin ya leƙo. Ta ja baya, ya koma ya kwanta. Ashe fedar nan ba ita kaɗai take aiki ba, da mamurɗin jitar take hira, Bahaguwa kuwa ta ɗaure masa baki tun tuni. Wurin da ta ɗauka aibi ne a jitarta, nan ne linzamin yake, kuma a ƙarƙashin hannunta yake zaune.

Ta sa haƙori ta fizge sauran salatif ɗin tsakanin bugu biyu, ta tofar.

Amshi ya zo ya wuce. Yaya ya ja da baya daga makirfo. Guduma ya ɗaga sanduna biyu sama ya sauke su a kan farantai da duk ƙarfinsa, bai rage mata komai ba, kuma ta gode masa a ranta da bai rage ba. Ta tura mamurɗin har ƙarshe.

Jitar ta buɗe baki. Ba ta bi ta ƙasa inda bes yake ba, ba ta bi ta sama inda tagulla ke zuba ba, ta tsakiya ta fito, daidai inda muryar mutum take zama, mai kaushi, mai zafi, kamar wanda ya daɗe yana haɗiye magana yau ya ce sai ya faɗa. Ta hau inda solon ke hawa. Da ta zo wurin numfashi ta ja damtse baya, sautin ya yi laushi har ana jin yatsunta a kan tsarkiya, titi ya yi tsit. Sannan ta sake shi gaba ɗaya a wurin karyewar, ta lanƙwasa tsarkiyar sama ta riƙe, ta riƙe, amfilifaya ta kama sautin ta dawo mata da shi yana rawa.

Ba ta san yadda suka ƙare waƙar ba. Ihu ta ji. Mai aski yana tafi da almakashi a hannu, mai rabin aski yana buga ƙafa, wani direba ya tsayar da mota a tsakiyar titi yana danna ham. Gwaggo ta cire tabarau tana gogewa da gefen mayafi, tana cewa ƙura ce.

Ɗan Gayu ya tashi ya rusuna mata har ƙasa. "Ranki ya daɗe, na janye takara. Wannan ko da yatsu ashirin ba zan iya ba."

Yaya ya zo ya tsaya a gabanta, ya kalli zagayayyar fedar mai koɗaɗɗen fenti, ya kalle ta.

"Auta," ya ce, sunan da rabonsa da kiran ta da shi tun suna yara. "Ashe haka kike ji a cikin kanki duk wannan lokacin?"

Ta gyaɗa kai, don in ta buɗe baki kuka za ta yi.

"Naki ne. Wannan karon da kunnena na ba ki."

Ta miƙa wa Gwaggo babbar feda da hannu biyu, ta rungume murfin tukunyarta. Wajen loda kaya ta tarar da Guduma yana zuge jakar farantai.

"Ka dake su kamar kana jin haushina," ta ce.

"In na tausaya miki ai na cuce ki." Ya rataya jakar, ya tsaya yana wasa da igiyarta. "Amma ko ba ki fito ba, ni dai ina ji."

"Na sani," ta ce. Wannan karon ba wanda ya kawar da kai.

Ranar Asabar lambun ya cika tun rana na sama. Iyalai a kan ciyawa, yara a wuyan iyayensu, mahaifiyarsu a layin gaba cikin kujerar da Yaya ya sa aka kawo mata. Bahaguwa ta sa sabon batir, ta goge tafin hannunta a wando. Waƙoƙi suka wuce kamar a mafarki, har aka zo ta ƙarshe.

Da solon ya tashi sai ta ga mutanen can baya, waɗanda ke ta hirarsu tun ɗazu, sun juyo gaba ɗaya. Ta ba su duk abin da ke cikinta. Ta hau, ta yi numfashi, ta karye, ta riƙe sautin ƙarshe ta sauke shi daidai inda Yaya zai shigo da baitin rufewa.

Yaya bai shigo ba.

Ta waiga. Yana tsaye a gefen dandamali, makirfo a rataye a hannunsa, baki a buɗe, yana kallon ta kamar ɗan kallo da ya sayi tikiti. Ya manta da shi ake jira.

Shiru-shiru ya ci gaba da maimaita kiɗan bes ɗinsa. Guduma ya fashe da dariya a bayan ganguna, ya ɗaga mata gira, ya ɗaga sanduna sama. Jama'a sun gane, suka fara ihu a sake, a sake. Mahaifiyarsu ta miƙe daga kujera tana nuna Yaya da yatsa tana dariya.

Bahaguwa ta tako har bakin dandamali, ta tura damtsenta gaba, ta sake ɗauko solon daga farko.